Sunaye Biyu da Babu a Jikin Waƙarka

Wudil,
Ranar Laraba.

Zuwa ga ɗana Nafi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya tsare min kai a tafiyar da za ka yi ranar Asabar, Ya sauke ka Legas lafiya, Ya raba ka da sharrin hanya, da na ƙarfe, da na mutum. Za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taka. Sau uku cikin makon nan na zaunar da kai don in yi maka maganar nan da baki, duk na buɗe baki sai in ji ina tambayarka ko ka sayi jaka. Shi ya sa na ari biron ƙanwarka. Ka yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne, kuma ban yarda wani ya rubuta min ba.

Ba zan hana ka tafiya ba, ban kuma taɓa hana ka waƙa ba. Ranar da mutanen unguwa suka tasa ni gaba a ƙofar masallaci wai ɗana ya lalace, ya karkace hula yana zuba surutu a kan kiɗa kamar dillalin shanu a kara, ni na ce su bar min kai. Har gobe ban gane rabin abin da kake faɗa a hip-hop ɗin nan naka ba, saurin ya fi ƙarfin kunnena, sunan da ka raɗa wa kanka ma harshena ya ƙi ɗauka. Amma na yi waƙa, na san mai numfashi in na ji shi, kuma kana da shi. Na ga wahalarka ma. Ba kamfani, ba ubangida, kai ke rubutawa, kai ke bin masu tura waƙa a waya rumfa-rumfa ranar kasuwa kana lallaɓa su su zuba taka a memorin mutane. Damuwata ɗaya ce, waƙar nan da za ka saki da zarar ka sauka, wadda ka ɗora duk burinka a kanta. Akwai sunaye biyu da ya kamata a gani a jikinta, kuma babu ko ɗaya. Ɗaya kai ka cire shi. Ɗayan ni na cire shi tun ba a haife ka ba.

Ranar Litinin bayan la'asar ina zaure ina ninke buhunan da zan kai kasuwa, sai ga Bulus, abokin nan naka ɗan Filato da ke karatu a jami'a, wanda kuke kullewa a ɗakinsa na Sabon Gari da katifa a jikin taga don tare sauti kuna haɗa kiɗa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi mahaifiyarka, ya tambayi gona, ya rasa ta inda zai fara. Can ya miƙo min wayarsa. Na ga hotonka da sanarwar waƙar, na ga an rubuta cewa da muryar mahaifinka a ciki. A wurin mai kiɗa kuwa sunan wani ne can na Legas. Bulus ya ce shi ya haɗa kiɗan nan tun daga tushe, shi ya wanke tsohon kaset ɗina a kwamfutarsa har muryata ta fito, kuma baitin da ya yi a tsakiya an yanke. Wai mutumin da kuke magana da shi a waya, wanda kake kira manaja, shi ya ce sunan ɗalibin da ba wanda ya sani ba zai kai waƙa ko'ina ba. Sati biyu ke nan ba ka ɗaga kiran Bulus.

Ya ce, "Baba, ni ba ƙara na kawo ba. In ya dube ni ya faɗa min da bakinsa, zan haƙura. Shirun ne ba zan iya ba."

Da ya fita na kasa ci gaba da ninkin buhunan. Ba haushinka na ji ba, tsoro na ji, domin na san hanyar nan da ka ɗauka, na san inda ta ɓulla. Amshin nan da ka ɗebo daga kaset ɗina ka ɗora a kan kiɗanku, "Ku ba ni hanya in wuce, rana ta yi, kogi na jira," wanda tun kana ƙarami kake bugun ƙirji da shi a gaban yara, ba nawa ba ne, Nafi'u. Waƙar gaba ɗayanta ba tawa ba ce. Satarta na yi.

Mai ita shi ne Tanko Mai Kalangu, mutumin Utai, makaɗin mahauta. A hannunsa na tashi. Shekara goma sha ɗaya ina bayansa ina amshi, ina ɗaukar masa jaka, ina cin tuwon gidansa. Mutum ne mai jinkiri har ya ba ka haushi. Yana gina bakandamiyarsa, wato waƙar nan da mawaƙi ke yi wa kansa sau ɗaya a rayuwa, ya faɗi ko shi wane ne, ya ambaci mutanensa. A al'adarmu ba mai rera bakandamiyar wani kafin mai ita ya fitar da ita a bainar jama'a, ko a wanka ba ka isa ka yi ta ba. Idan ruwa ya janye da rani sai ya kwashe mu zuwa kan yashi, ƙasa da gada, inda ƙarar manyan motoci za ta rufe mu, mu yi ta bita har rana ta yi sanyi. Ya gina baiti yau, jibi ya ce bai zauna ba, a rushe. Shekaru muna haka.

Kuskurena na farko shi ne na ba mai yabo kunnena. Akwai wani mai kaset da ke zuwa daga Kano kowace Juma'a ya kafa tebur a kasuwa. Ya ji ni a wani biki, ya ja ni gefe ya ce ai ni ke riƙe da Tanko, muryata ta fi tasa, tsohon ya danne ni ne kawai. Kowace Juma'a sai ya ƙara min. Kaina ya kumbura har hula ta fara yi min kaɗan. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa mutumin da bai san inda nake kwana ba ya damu da ci gabana haka ba. To kai ma ka tambayi kanka. Manajan nan naka ko fuskarsa ba ka taɓa gani ba sai a hoto, kuma aikin farko da ya sa ka shi ne ka yar da wanda ya yi wata da watanni yana gumi tare da kai. Ranar da ya samo wanda ya fi ka amfani, da wannan muryar mai daɗi zai gaya wa wancan ya yar da kai. Duk wanda ya yabe ka, ka saurari abin da zai nema a bayan yabon.

Kuskure na biyu, na tafi ba sallama. Yaron mawaƙi in zai kama gaban kansa akwai yadda ake yi. Ya je da goro, ya durƙusa, ya ce Maigida ina neman izini. Ubangida ya sa masa albarka a gaban sauran, wani har ya ba shi kalangu ɗaya da ɗan amshi ɗaya ya fara da su. Ni wata Asabar na ce zan je dubiya Kano. Mai kaset ya haɗa ni da makaɗan haya a wani ɗaki mai zafi, kafin azahar mun naɗe bakandamiyar Tanko tsaf. Duk inda Tanko ya sa sunansa na sa Isuhu. Kafin wata ya zagayo ana jin ta a tasha, a shagon aski, a teburin mai shayi. Ban koma gidan Tanko ba. In na hango shi a kasuwa sai in ɓulle ta layin masu tukwane. Ina gaya wa kaina wai na zama mai cin gashin kaina, irin kalmar da kai ma kake so. Cin gashin kai ba shi ne guje wa mutane ba, ɗana. In za ka rabu da wanda kuka yi aiki tare, ka je da ƙafarka, ka zauna, ka faɗa masa, ka ji abin da zai ce ko da mai ɗaci ne. Kashe waya ba rabuwa ba ce, gudu ne, kuma ni na riga ka yin sa tun babu waya.

Na uku shi ne wanda ya fi ci min rai. Jajiberin Sallah aka yi wasan hawan ƙaho na mahauta, fili ya cika. Tanko ya zo da jama'arsa cikin sabbin riguna. Na raɓe bayan wata rumfa ina kallo. Bayan an kayar da sa na biyu sai ya ɗaga hannu, kalangu ya sauya, ya ɗauko bakandamiyar da ya yi shekaru yana ginawa. Bai kai rabi ba wani matashin mahauci ya ɗaga murya ya ce tsoho ya ƙare, yau waƙar yaronsa yake ara. Aka fashe da dariya. Wasu suka kama amshin suna saka sunana. Tanko ya tsaya, ya dubi filin nan a hankali, ya sauke hannu, makaɗa suka yi shiru. Mutane uku ko huɗu da ke kusa da ni suka juyo suna kallona. Kalma biyu ta isa, in ce tasa ce. Na sunkuyar da kai na bi ta bayan rumfar na fice. Daga ranar Tanko bai ƙara rataya kalangu ba. Ya sallami jama'arsa ya koma Utai ya kama fartanya.

Ka ga abin da nake so ka gane ke nan. Ba a ɗakin naɗar kaset na gama cin amanarsa ba, a filin nan na gama, da bakina a rufe. Kai yanzu kana bayan rumfar. Waƙar ba ta fita ba tukuna, gyara sunan bai fi ka taɓa waya ba. In ta fita ta yi tafiya, wata rana Bulus zai ce a cikin abokansa shi ya yi kiɗan nan, su yi masa dariya, su ce in shi ne ina sunansa. Ranar za ka ga gaskiya ta yi maka nauyin da ba ta yi yau ba, don a lokacin kana da abin da kake tsoron rasawa.

Kada ka ɗauka na ci riba. Shekara ɗaya na yi ana nuna ni da yatsa, ana gayyatata biki har Gaya da Birnin Kudu. Daga nan mutane suka fara tambayar sabuwa. Na zauna in gina, sai na tarar ban iya ba. Murya nake da ita, ginin na Tanko ne, shekara goma sha ɗaya ina kusa da shi ban tsaya na koyi yadda yake auna baiti ba saboda ina ganin na fi shi. Na fitar da kaset biyu, ko mai kaset ɗin bai saurare su har ƙarshe ba, ya daina amsa gaisuwata. Na koma bin 'yan siyasa ina zagin wanda aka nuna min, mutanen da ba su taɓa yi min komai ba, har da wanda ya halarci sunan yayarka. Kunya ta sa na fara shan abin da zai ɗauke min ita kafin in kama lasifika. Aka fara da rabin kwalbar maganin tari wai don murya ta buɗe. Ita ce ta rufe ta. Muryar da kake ji yanzu in na kira ka, mai kama da jan buhu a kan siminti, ba tsufa ba ne ya kawo ta.

Don haka ka ji ni da kyau. A can za su miƙo maka kwalba da ƙwaya a situdiyo su ce kowa na sha, baiti ya fi zuwa. Ƙarya ne, ni na gwada maka. Za a kira ka ka zagi wani mawaƙi don a yi ta maganarku a intanet, ko ka zagi abokin hamayyar wani mai babbar riga. Kada ka ba da aron bakinka, wanda ya aika ka zai shirya da abokin faɗansa su ci abinci tare, zagin kuma ya zauna da muryarka har jikokinka su ji. Duk takardar da aka ba ka ka sa hannu, ka nemi wanda ya san doka ya karanta maka, kada ka ji kunyar cewa ba ka gane Turancin ba. Sannan ka san rabon da Allah Ya ba ka da wanda bai ba ka ba. Kai mai baiti ne. Na zauna a ƙofar ɗakinka na ji kiɗan da kake haɗawa kai kaɗai kafin ka san Bulus, kuma tunda yau ranar gaskiya ce, bai da daɗi. In ka yar da shi, waƙa ta biyu za ta tambaye ka abin da ta tambaye ni.

Kuskurena na ƙarshe a kanku na yi shi. Na bar ku kuka girma kuna alfahari da kayan wani. Mahaifiyarka ta sani, ta rufa min asiri shekara da shekaru, ba ta taɓa goranta min ba ko a cikin faɗa. Ranar da ka shigo da murna ka kunna min waƙarku, na ji muryata ta ƙuruciya tana fitowa daga wayarka a kan wannan kiɗa mai dukan ƙirji, ka ce ka yi ne don duniya ta san wane ne ubanka, ka ga na tashi na shiga bayi. Ka ɗauka daɗi ne ya sa ni hawaye. Na bar ka a haka, wannan ma wata satar ce.

Sau ɗaya na je wurin Tanko. Kana aji uku a firamare aka ce min idanunsa sun tafi, jiki kuma ya ƙi. Na hau acaɓa zuwa Utai da hantsi. Na same shi a kan tabarma a inuwar rumbu, 'yarsa Hajara tana dama masa kunu. Ban gama sallama ba ya ce Isuhu ne, ashe ana tuna hanya. Ya sa aka kawo min ruwa. Na durƙusa na fara jero abin da na shirya tun daga gida, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya ce in yi masa waƙar. Na ce Maigida murya ta tafi. Ya ce ya ji, in yi hakanan. Na yi ta da abin da ya rage min, yana buga cinyarsa da yatsu biyu. Da na kai ƙarshe na tsaya.

Ya ce, "Ci gaba."

Na ce, "Nan ta ƙare, Maigida."

Ya ce, "Nan dai ka tsaya. Akwai baiti ɗaya da ban kai muku kan yashi ba."

Sai ya gyara zama ya yi shi, a hankali, numfashi na yanke masa. Ya ambaci makaɗansa ɗaya bayan ɗaya, kowa da garinsu. Sannan ya ce in muryarsa ta kwanta a bi Isuhu, shi ya rene shi, shi ya ba shi hanya. Ashe da wannan baitin ya yi niyyar sallamata a gaban mahauta, ya miƙa min jama'arsa da kalangansa, waƙar kuma ta zama tawa bayan ransa. Na ce masa ai da na yi abin da na yi sai ya cire. Ya ce bai cire ba.

"Ranar hawan ƙaho da shi na zo. Na gan ka a bayan rumfa. Na tsaya ina jira ka ce tawa ce, in kira ka gaba in ƙarasa. Na jira, Isuhu."

Ya ce ya yafe min duniya da lahira, ya ce Hajara ta zuba min kunu. Ban iya sha ba. Bai ƙara wata biyu ba ya rasu, kuma ko a wurin zaman makoki, da aka yi ta cewa ga yaronsa da ya gaje shi, ban buɗe baki ba.

Yanzu ga abin da nake roƙo, ba umarni ba ne, don ban da bakin ba ka umarni a kan wannan. Ka cire sunana daga jikin waƙar ka sa na Tanko Mai Kalangu na Utai. Ka mayar da sunan Bulus da baitinsa. In manajan ya ce in haka ne ya fasa, ka bar shi ya fasa. Na san abin da nake nema ka saka a wuta, wataƙila wannan ce ƙofar da ka yi shekaru kana ƙwanƙwasawa, kuma ba ni da wata da zan buɗe maka a madadinta. Ba zan yi maka alkawarin cewa gaskiya za ta kai ka inda kake so ba, na ga masu gaskiya da yawa da suka mutu ba wanda ya san su. Abin da na sani shi ne inda ɗaya hanyar take kaiwa, don a can nake zaune.

Ni ma ba zan ɗora maka abin da na kasa ba. Ranar Juma'a ba zan fita da buhu ba. Zan je Utai in sami Hajara da 'ya'yanta da duk wanda ya rage cikin makaɗan, in faɗa a gabansu, in kuma nemi izininta a kan amshin da ka ɗauka, don ita ke da hakkin cewa e ko a'a. Kafin magariba labarin zai riga ni dawowa Wudil. Za ka ji ana faɗar abin da ubanka ya yi a bakin tasha, gara ka fara ji daga gare ni.

In ka gama karanta wannan ka ji ba ka son haɗa ido da ni, ba zan ga laifinka ba. Ranar Asabar zan yi sammakon gona don kada in tsaya maka a hanya, ka yi sallama da mahaifiyarka a tsanake. Ni za ka iya wuce ni. Amma motar shanun da za ta ɗauke ka sai hantsi take tashi, kuma daga gidan nan zuwa ɗakin Bulus bai kai tafiyar minti ashirin ba. Yaron nan yana jira.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya tsare maka imaninka da lafiyarka da muryarka. Allah Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya sa ka gane su in ka gan su. Ka riƙe salla, ka riƙa kiran mahaifiyarka ko da ba ka da labari mai daɗi. Na yafe maka duk abin da ka taɓa yi min, wanda na sani da wanda ban sani ba. Nawa kuma na bar shi a hannunka, ba na gaggauta ka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Isuhu, ɗan amshin Tanko.